Ayislan: Na Taka Baƙin Yashin da Shah Rukh da Kajol Suka Yi Rawa

Duk mai kallon finafinan Indiya da ya amsa sunansa ya san waƙar "Gerua" ta cikin fim ɗin Dilwale na 2015, wanda darakta Rohit Shetty ya sake haɗa Shah Rukh Khan da Kajol a cikinsa bayan sun yi shekara biyar ba su ja fim tare ba. Ka tuna wuraren da aka nuna? Ga yashi baƙi ƙirin a bakin teku, ga ruwa yana kwararowa daga kan dutse kamar an saki labule, ga wani mataccen jirgin sama a tsakiyar fili, jarumi da jaruma sun ɗare kansa, iska tana kaɗa mayafi. An sha gardama a majalisu da shagunan tura finafinai a kan waƙar nan. Wasu sun ce aikin kwamfuta ne kawai, babu wuri irin wannan a doron ƙasa.

To mai karatu, akwai shi. Sunan ƙasar Ayislan, can arewacin tekun Atlantika, sama da Ingila. Allah ya nufe ni da zuwa a ƙarshen watan Agusta, na kuma ware kwana biyu na yi tafiyar yini-yini daga Rekiyabik, babban birninsu: a yi sammako a fita, a dawo da dare. Rana ta farko na je tsibirin Heimaey mai dutse mai aman wuta. Rana ta biyu na je Vik, ɗan ƙaramin garin bakin teku da ruwan sama ya mayar gidansa. Abin da na gano shi ne, kyamara ta nuna mana kyan wurin, amma ta ɓoye mana labarin mutanen da ke zaune a cikinsa. Kuma wallahi labarin ya fi waƙar daɗi.

WACE ƘASA CE WANNAN?

Kafin mu hau mota, bari in ɗan gabatar maka da ƙasar. Duk mutanen Ayislan ba su kai rabin miliyan ba. Ƙaramar hukumar Nasarawa ta Kano kaɗai ta fi su yawa. Agogonsu daidai yake da na Gana, wato Nijeriya tana gabansu da awa ɗaya. Ƙasar tana zaune ne a daidai inda manyan faranta biyu na ɓawon duniya suke rabuwa da juna a hankali, shi ya sa narkakken dutse da ke can ƙarƙashi yake yawan samun kafar fitowa. Sama ƙanƙara, ƙasa wuta. Ko a watan Nuwamban 2023 sai da aka kwashe mutanen wani gari mai suna Grindavik, kuma a Janairun 2024 wutar ta shiga gefen garin ta cinye gidaje uku.

Idan kana ganin ba ruwanmu da su, to tuna ranar 22 ga Yunin 2018 a gasar cin kofin duniya ta Rasha. Wa Ahmed Musa ya zura wa ƙwallo biyu? Su ne dai. Mai tsaron gidan da ya sha ƙwallayen nan, Hannes Halldorsson, wanda ya tare fenaritin Messi kwana shida kafin nan, daraktan fim ne fa. A 2021 ya fitar da fim ɗinsa na 'yan sanda mai suna Cop Secret. Haka kuma busasshen kan kifin nan da ake sayarwa a kasuwanninmu, wanda 'yan kudu ba sa miya sai da shi, da yawansa daga Ayislan ake lodo shi.

RANA TA FARKO: HANYAR TSIBIRI

Mun bar Rekiyabik bayan asuba, muka hau babbar hanyarsu mai lamba 1 wadda ta zagaye ƙasar kamar zobe, muka nufi gabas. Tafiyar kamar awa biyu ce zuwa tashar jirgin fito ta Landeyjahofn. Kada ka wahalar da harshenka, ni ma ban iya faɗa daidai ba har na baro. A hanya babu bishiyoyi sai jefi-jefi. Fili ne kore shar, ga tumaki masu kaurin gashi, ga gajerun dawakai masu geza har ido, ga tururi yana tashi daga ƙasa a wasu wurare kamar ana dahuwa a ƙarƙashi.

Daf da tashar, in ka kalli hagu, za ka hango wani tsauni da farar hular ƙanƙara. Shi ne Eyjafjallajokull, wanda ya yi aman toka a watan Afrilun 2010 har aka rufe sararin samaniyar Turai kusan mako guda, aka soke tashin jirage wajen 100,000. Mutanenmu da tafiyar Landan ta kama a makon nan ba za su manta ba.

Jirgin fiton sunansa Herjolfur. Yana ɗaukar mutane da motoci, kuma tsallakawar ba ta wuce minti 40 ba. Amma fa teku ce, ba Kogin Wudil ba. In ka san kana da jiri, ka zauna a waje ka kafa ido a kan nesa, kada ka ce za ka danna waya. Idan teku ta yi fushi, musamman da hunturu, jirgin yakan koma tashi daga wata tasha mai suna Thorlakshofn, sai tafiyar ta zama wajen awa uku. Don haka mai niyyar zuwa ya dawo a yini ɗaya sai ya duba sanarwa tun da dare.

Heimaey, ana furta shi kamar "Hema-e", ma'anarsa tsibirin gida. Shi kaɗai ne mutane ke zaune a kai cikin rukunin tsibiran Vestmannaeyjar, kuma mutanensa sun ɗan haura 4,000. Shigar jirgi tashar abin kallo ne: a dama katangar dutse ce doguwa, tsuntsaye sun yi mata fari da kashi, a hagu kuwa wani baƙin tudu ne mai kaushi kamar an juye gawayi. Ka riƙe wannan baƙin tudun a ranka, don shi ne jigon labarin.

DAREN DA ƘASA TA TSAGE

Ranar 23 ga Janairun 1973, wajen ƙarfe biyu na dare, mutane suna barci, sai ƙasa ta tsage a gabashin garin, tsagar da ta fi kilomita ɗaya tsawo. Wuta ta riƙa tsiri sama kamar an jera famfuna. Tsakanin tsagar da gidajen ƙarshe na gari 'yar tafiya ce kaɗan. A lokacin mutum kusan 5,300 ne a tsibirin, ga teku ta kewaye su, ga sanyin hunturu, ga duhu.

Ka ji ikon Allah. Ana gobe abin zai faru an yi iska mai ƙarfi, saboda haka kusan duk jiragen kamun kifi ba su fita ba, suna ɗaure a tasha. Da a ce ranar lafiya lau ce, da suna can tsakiyar teku. Nan da nan motocin kashe gobara da na 'yan sanda suka shiga gari da jiniya, mutane suka fito da abin da hannu ya iya ɗauka, aka yi ta cusa su cikin jiragen kifi, mata da yara da jarirai. Tsofaffi da marasa lafiya aka ɗauke su a jirgin sama. Kafin gari ya waye sosai an kwashe kusan kowa, kuma a daren nan ko mutum ɗaya bai rasu ba. Duk tsawon bala'in rai ɗaya aka rasa, wani mutum da iskar guba ta ritsa da shi a cikin wani gini daga baya.

An tsira da rai, saura gari. Toka baƙa ta yi ta zuba har ta binne gidaje, wasu rufinsu ya rufta saboda nauyi. Mutum ɗari biyu zuwa uku suka tsaya suna kwashe toka daga kan rufi da shebur, suna toshe tagogi da kwano don kada garwashin da ke faɗowa ya shiga ɗaki. Sai kuma babbar barazana ta taso: narkakken dutsen ya nufi bakin tashar jiragen ruwa. Garin nan ba shi da wata sana'a da ta wuce kifi, kuma tashar tana cikin mafi muhimmanci a duk ƙasar. In ta toshe, ko gidaje sun tsira babu dalilin dawowa.

Sai wani farfesan kimiyya, Thorbjorn Sigurgeirsson, ya kawo shawarar da wasu suka ɗauka wasa: a yi wa wutar ban ruwa. A zuƙo ruwan teku a riƙa fesa wa goshin narkakken dutsen, in ya huce ya daskare, shi da kansa zai zama katangar da za ta tare na baya. An fara da 'yan injinan kashe gobara, aka ga alamar nasara, sai aka kawo manyan injina daga Amurka. Mutane suka riƙa jan bututu a kan dutsen da bai gama hucewa ba, tururi ya rufe ido, takalma suna narkewa. Kafin a gama an fesa ruwan teku fiye da tan miliyan 6. Ranar 3 ga Yulin 1973 aka sanar cewa dutsen ya yi shiru.

Da aka yi lissafi, gidaje wajen 400 sun tafi, kusan kashi ɗaya cikin uku na garin. Amma tasha ta tsira, har ma ta fi da kyau, don baƙin tudun nan da muka gani a hagu ya zame mata garkuwa daga iskar gabas. Tsibirin kuma ya ƙaru da fili fiye da murabba'in kilomita biyu. Mafi yawan mutane suka dawo, suka tono gidajensu, suka share tituna. Har ma suka ja bututu cikin dutsen mai zafi suka yi shekaru suna ɗumama ɗakunansu da shi. Kai jama'a! Abin da ya zo cinye ka, ka mayar da shi murhu.

NA HAU KAN ELDFELL

Sabon tsaunin da aka haifa a shekarar suka sa masa suna Eldfell, wato tsaunin wuta. Tsayinsa kamar mita 200 ne, kuma daga cikin gari da ƙafa ake zuwa. Hanyar tsakuwa ce ja da baƙa mai zamewa, ka taka biyu ka koma ɗaya. A can sama iska kamar ta ɗauke mutum. Na durƙusa na zura hannu cikin wani rami, sai na ji ɗumi kamar tokar murhun da aka yi tuwon dare. Shekara hamsin da ɗoriya ke nan fa!

Daga nan kana ganin garin gaba ɗaya, rufin gidaje ja da shuɗi da fari, da kuma inda baƙin dutsen ya ci birki a bayan wasu gidaje kamar an ja masa layi. In sama ta washe, can kudu maso yamma za ka hango Surtsey, tsibirin da ya ɓullo daga cikin teku a 1963, ya yi ta girma har 1967. Ba a barin kowa ya taka shi sai masu bincike, don suna son ganin yadda ciyawa da tsuntsaye ke kama sabuwar ƙasa ba tare da hannun mutum ba.

Wajen saukowa na bi ta kan daskararren dutsen. Nan ne jikina ya yi sanyi. An kakkafa alluna ɗauke da sunayen titunan da ke binne a ƙarƙashin ƙafarka. Kana tafiya a kan unguwa guda, da ɗakunan kwananta da madafanta. A gindin tsaunin akwai gidan tarihi mai suna Eldheimar da aka buɗe a 2014. An tono wani gida ne da ya yi kusan shekara arba'in cikin toka, aka gina gidan tarihin a kansa. Kana leƙawa za ka ga kayan gida yadda masu shi suka bar su a daren da suka gudu. Babu mai yin magana da ƙarfi a wurin.

TSIBIRIN DA LABARI BA YA ƘARE MASA

'Yan kallo, ga naku. Kun tuna Free Willy na 1993, fim ɗin yaron nan da ƙatuwar dabbar teku mai baƙi da fari? Sunan dabbar na gaskiya Keiko, kuma a ruwan Ayislan aka kama shi yana ƙarami a 1979. Bayan fim ɗin ya yi kasuwa, yara a faɗin duniya suka matsa lamba a sake shi da gaske. A Satumban 1998 jirgin sojan saman Amurka ya sauke shi a nan Heimaey, aka yi masa shinge a wani lungun teku kusa da bakin tasha, ana koya masa farauta. A 2002 ya yi iyo har Nowe, ya mutu a can a Disambar 2003. Jirgin fito yana wucewa ta gaban lungun.

Sai labarin wani masunci, Gudlaugur Fridthorsson. A watan Maris na 1984 jirginsu ya kife da dare, kilomita biyar zuwa shida daga tsibirin. Abokan aikinsa huɗu suka rasu. Shi kuwa ya yi iyo wajen awa shida a ruwan da sanyinsa ke kashe mutum cikin ɗan lokaci, ya fito gaɓa, sannan ya taka wannan dutse mai kaifi ba takalmi har ya ƙwanƙwasa ƙofar wani gida. Likitoci har Landan sun yi ta bincikensa. Darakta Baltasar Kormakur ya mayar da labarin fim a 2012, The Deep. Shi ne kuma ya ba da umarnin 2 Guns na Denzel Washington da Beast na Idris Elba.

Akwai na da can. A 1627 'yan fashin teku da suka taso daga Aljiyas, wadda ke ƙarƙashin Daular Usmaniyya a lokacin, suka dira tsibirin suka kwashe mutum 242. Cikinsu har da wata matar masunci, Gudridur, wadda ta yi kusan shekara tara a can kafin a fanso ta. A hanyar komawa gida, a Kofanhegan, aka haɗa su da wani ɗalibi ya riƙa yi musu karatu. Soyayya ta shiga tsakani, duk da ta girme shi da shekaru masu yawa, suka yi aure. Ɗalibin nan, Hallgrimur Petursson, shi ya zama babban mawaƙin ƙasar, kuma sunansa ne a kan doguwar majami'ar da ke tsakiyar Rekiyabik. Ina marubutanmu? Wannan ai fim ne mai kashi uku.

Abin da ya fi burge ni dai shi ne yara. Tsibiran nan su ne matattara mafi girma a duniya ta wani tsuntsu da suke kira lundi, mai farin ƙirji da baki mai launi kamar an yi masa kwalliya. A rami yake ƙyanƙyasa. A ƙarshen Agusta zuwa Satumba 'ya'yan suna fitowa da dare su nufi teku, sai fitilun gari su ruɗe su, su faɗo kan titi. Yaran gari sai su fito da tocila da kwali suna tsince su, su kwana da su a gida, da safe a auna nauyinsu, a kai su bakin gaɓa a cilla sama su tashi. Na ga wata yarinya da ba ta wuce shekara bakwai ba rungume da kwalinta kamar mai ɗauke da ƙwai. Na tuna yaranmu da danƙo, na yi shiru.

Kafin in manta: kocin da ya jagoranci Ayislan a wasan da Ahmed Musa ya yi musu biyu, Heimir Hallgrimsson, ɗan tsibirin nan ne, kuma likitan haƙori ne. Yana ɗan shekara biyar aka yi aman wutar.

RANA TA BIYU: GARIN RUWA

Washegari muka sake bin hanyar, amma muka zarce. Daga Rekiyabik zuwa Vik kilomita 180 ne da 'yan kai. A nan ne lokeshin ɗin "Gerua" suke jere kamar an shirya. Na farko Seljalandsfoss, ruwan da ke faɗowa daga tsayin mita 60, wanda ake iya zagayawa ta bayansa. Na zagaya, na fito sharkaf. Ma'aunin zafi bai wuce 10 ba, ni da rigunan sanyi uku haƙorana suna haɗuwa. Nan na sara wa Kajol. Baiwar Allah nan da ɗan yadi marar kauri ta tsaya tana murmushi, ana cewa a sake ɗauka. Masu cewa harkar fim hutu ce, su zo su gwada.

Gaba kaɗan sai filin Solheimasandur, inda mataccen jirgin yake. Na sojan ruwan Amurka ne, ya yi saukar dole a Nuwamban 1973, shekarar da Heimaey ta ƙone, kuma duk waɗanda ke ciki sun tsira. Da can ana shiga da mota har gindinsa. Da baƙi suka yi yawa suna tattake fili, masu ƙasar suka rufe hanyar a 2016. Mai son gani sai ya taka kusan kilomita huɗu zuwa, huɗu dawowa, ko ya biya kuɗin motar da aka tanada.

Muna gangarawa Vik ruwa ya tare mu. Mu a gida mun san hadari ya haɗu, a yi iska, a yi tsawa, a zuba, a ɗauke, rana ta fito. Na Vik ba ya sallama. Yayyafi ne mai naci, kuma a kwance yake zuwa saboda iska, ya shiga kunne ya shiga wuya. Lema ba ta da amfani, juyewa take yi. Garin yana samun ruwa fiye da milimita 2,000 a shekara, ya ninka na Kano fiye da sau biyu, ya kusa ninka na Rekiyabik sau uku. Dalili kuwa shi ne, iska mai laima tana tasowa daga teku, sai ta ci karo da tsaunuka da tudun ƙanƙarar da ke bayan garin, ta hau sama, ta huce, ta sauke kayanta a kansu.

Garin kansa ɗan mitsitsi ne, mutanensa ba su kai dubu ba. Ga abin mamaki: garin bakin teku ne amma ba shi da tashar jirgin ruwa, don gaɓar yashi ce miƙaƙƙiya, babu lungun fakewa. A kan tudu akwai wata farar majami'a mai jan rufi, an gina ta a 1934. Duk mai kyamara sai ya ɗauke ta, amma ga mutanen gari tana da wani aiki. Ƙarƙashin tudun ƙanƙarar da ke bayansu akwai dutse mai aman wuta da ake kira Katla. In ya tashi, ƙanƙara ce za ta narke a lokaci guda, ambaliya ta gangaro da laka da guma-guman ƙanƙara. Haka ya yi a Oktoban 1918, har yashin da ya kwaso ya tura gaɓar teku gaba da kilomitoci. Tun daga nan bai yi babban tashi ba, kuma masana suna sa masa ido dare da rana. Tudun majami'ar nan shi ne inda aka tsara kowa zai gudu in an yi gargaɗi, kuma ana yin atisaye. Kormakur ya yi amfani da wannan fargabar ya shirya fim mai dogon zango, Katla, wanda Netflix ta saki a 2021, a garin aka ɗauke shi. Akwai ma wani gidan kallo da aka buɗe a 2018 inda ake narka dutsen da Katla ya amayar a 1918, a zubo shi jajur a gabanka, zafi ya bugi fuskarka. A ranar ruwa irin wannan, ba ka son fitowa.

BAƘIN YASHI BA YA WASA

Bayan tsaunin da ke yamma da garin sai Reynisfjara, bakin tekun da ya fi ko'ina suna. Yashin baƙi ne saboda narkakken dutse ne da ya haɗu da ruwan sanyi ya farfashe, teku ta niƙa shi. Ga wasu ginshiƙan dutse a jere masu kusurwa shida-shida, kai ka ce magini ne ya yanka su, alhali hucewa ce ta tsattsaga su haka. A cikin ruwa kuma wasu dogayen duwatsu sun tsaya cirko-cirko, mafi tsayinsu mita 66. Tatsuniyarsu ta ce dodanni ne suka fito da dare suna jan jirgin ruwa, gari ya waye musu, suka daskare. An ɗauki wani ɓangare na Game of Thrones a nan, haka fim ɗin Noah na 2014.

Yanzu ka saurara da kyau, don wannan waƙa ba ta nuna shi ba. In ka miƙe kudu daga nan, babu wata ƙasa a gabanka. Za ka ratsa tsakanin Dakar da tsibiran Kef Bade, ba za ka taka tudu ba sai ƙarshen duniya na kudu. Saboda haka igiyar ruwa tana tafiyar dubban kilomita ba abin da ya tare ta. Za ka ga ƙanana tara sun zo sun koma, ka saki jiki, ta goma ta taso ta wuce inda kake tsaye, ta share ƙafarka, ta ja ka. Ruwan ƙanƙara ne, gaɓar kuma tana da zurfi nan take. Baƙi da dama sun rasa rayukansu a nan, har da wata yarinya 'yar shekara tara a Agustan 2025. An kafa fitilun gargaɗi irin na danja a mashiga. Duk da haka da idona na ga saurayi da budurwa sun juya wa teku baya, ya buɗe hannuwa irin na Shah Rukh, ita tana ɗauka a waya, har sai da wani jagoran baƙi ya daka musu tsawa. Shah Rukh da ka gani, da tawaga ya zo, da mutanen gari da suka san halin ruwan. Kai da wa ka zo?

GUZURI GA MAI NIYYA, DA SAƘO GA 'YAN INDUSTIRI

Bizar Shengen ake shiga da ita, kuma babu jirgi kai-tsaye daga Nijeriya, sai an yada zango a Turai. Rayuwa da tsada, kusan komai da kati ake biya. Ka tafi da rigar ruwa mai hula da takalmi mai kauri. Wajen abinci kifi ya wadatar, ga shi sabo. Alƙibla tana gabas maso kudu. Lokutan salla kuwa sai ka riƙa dubawa, don a ƙarshen Agusta rana ba ta faɗuwa sai wajen tara na dare, a watan Yuni kuwa sai kusan sha biyu.

Gwamnatin Ayislan tana mayar wa masu shirya fim kashi 25 cikin ɗari na abin da suka kashe a ƙasar, manyan ayyuka har kashi 35. Shi ya sa Indiya da Amurka suke tururuwa. Amma su 'yan ƙasar ba su tsaya ba da hayar fili kawai ba. Baƙo ya zo ya yi rawar minti biyar ya tafi, su kuma suka ɗauki masuncinsu da dutsensu suka yi fim da harshensu, duniya ta kalla.

Mu ma muna zuwa Tiga da duwatsun Jos, jarumi ya tsaya can, jaruma ta tsaya nan, a canza kaya sau bakwai, a tattara a dawo. Wa ya taɓa tambayar ina mutanen da aka tasa lokacin gina madatsar Tiga suka koma? Wa ya ba mu labarin masu haƙar kuza a Jos, ko masuntan Tafkin Chadi da ruwa ya janye ya bar su? Furodusoshi da daraktoci, in kun sake fita lokeshin, ku ɗan ajiye kyamara ku gaisa da dattijon da ke zaune a gindin bishiya. Wataƙila fim ɗin da zai fitar da ku yana bakinsa.

Allah ya kai mai niyya, ya dawo da shi lafiya. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.